Giyar inabin Afirka ta Kudu: yadda ta taso, da dalilin da ya sa mai zaƙin ta sauya suna

Duk sanda aka taɓo maganar cinikin Afirka ta Kudu da ƙasashen waje, kamar lokacin da Amurka ta ɗora wa kayan ƙasar harajin kashi 30 cikin ɗari a watan Agustan 2025, abubuwa uku ne za ka ji ana ta maimaitawa a labarai, motoci da lemon zaƙi da giyar inabi. Na ukun nan shi ne ke ɗaure wa mutane kai, dan a tunanin da yawanmu giyar inabi kayan Faransa ne da Italiya, toh ya aka yi ƙasar Afirka ta shiga sahun ƙasashe goma da suka fi yin ta a duniya, galibi ma tana ta bakwai ko ta takwas? Sannan wanda ya je can karatu ko kasuwanci ya shiga kanti zai ga kwalabe an rubuta Cape Ruby, Muscadel, Jerepigo, wasu a jere ba nisa da ruwan inabin da babu maye a ciki, shi ma sai ya rasa wanne ne wanne.

Hukuncin giya a Musulunci a bayyane yake, haramun ce. Abin da ke gabanmu a nan tarihi ne da tattalin arziki, wato yadda sana'ar ta kafu, wa ya ci riba, wa ya ɗauki wahalarta, da kuma dokokin da suka canza mata fasali. Kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtar labarin gaba ɗaya ita ce a bi sawun giya mai zaƙin nan, saboda kusan kowane mataki na tarihin sana'ar ya bar alama a jikinta.

Kalmomin da ke rikita mutane

Idan aka matse inabi aka samu ruwansa, ruwa ne mai suga sosai kuma babu maye a ciki. Idan aka bar shi yis ya shiga, sai yis ɗin ya riƙa cin sugan yana mayar da shi sinadarin maye, wannan shi ne tsimawa, kuma hanya ɗaya ce da yadda dawa ke zama burukutu. In aka bari yis ya cinye sugan tas, giyar ba za ta yi zaƙi ba, kuma ƙarfinta yakan tsaya tsakanin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. Ita kuwa giyar kwalba ta sha'ir da ake sayarwa a mashaya kusan kashi 5 ce, dan a samu ma'auni.

Akwai kuma mataki na biyu, a dafa giyar a tara tururinta, abin da ya fito shi ne barasa mai ƙarfi sosai, in daga inabi aka yi ana ce mata burandi, kamar dai yadda ake fitar da ogogoro daga bammi.

Toh giya mai ƙarin ƙarfi ita ce haɗin biyun. Ana cikin tsimawa, tun yis bai gama cin sugan ba, sai a zuba barasar inabi mai ƙarfi a ciki, yis ba ya iya rayuwa in maye ya haura wajen kashi 15 ko 16, sai ya mutu, sugan da ya rage ya zauna a ciki. Sakamakon shi ne abin sha mai zaƙi kuma mai ƙarfi, tsakanin kashi 15 zuwa 22. Turawa suna shan ta kaɗan-kaɗan a ƙaramin kofi bayan an gama cin abinci, tare da kayan zaƙi ko cuku, shi ya sa suke kiranta giyar bayan abinci.

A Afirka ta Kudu nau'o'inta sanannu su ne Muscadel, daga inabin muskat ja ko fari, da Hanepoot, shi ma wani jinsin muskat ne da ake ci ɗanye kuma ake busarwa ya zama zabibi, sai Jerepigo wadda ita ma ba a barin ta tsima sosai, ruwan inabin ake zuba wa barasa tun farko dan haka kusan duk sugan na nan, doka ta ce sai ya kai gram 160 a kowace lita, alhali lemon kwalba da muke sha gram 100 da ɗoriya ne. Sai kuma masu kwaikwayon salon ƙasar Fotugal, waɗanda da ake kira Port. A kansu aka yi rigimar suna da za mu zo kanta.

Wani abu da ya kamata a rarrabe, ba duk giya mai zaƙi ce aka ƙara wa barasa ba. Akwai wadda ake barin inabin ya bushe a jikin kuranga har ya kusa zama zabibi, sugan ya yi yawan da yis ba zai iya cinyewa ba. Shahararriyar giyar Constantia, wani yanki kusa da Cape Town, ta yau irin wannan ce.

Tashar jiragen ruwa ce asali

A 1652 kamfanin kasuwancin Turawan Holan mai zirga-zirga zuwa Indiya da Indonesiya ya tura Jan van Riebeeck ya kafa zango a inda Cape Town take yanzu. Manufar kawai jirage su tsaya su ɗebi ruwa da nama da ganye, dan tafiyar wata da watanni ce kuma matuƙa suna mutuwa da ciwon nan mai sa dasashi zubar jini haƙora su kakkarye saboda rashin bitamin C. A lokacin an yi imani inabi da giyarsa suna maganin ciwon. Aka kawo dashen inabi daga Turai a 1655, ranar 2 ga Fabrairun 1659 van Riebeeck ya rubuta a kundinsa cewa an matse giya ta farko daga inabin Cape. Har yau masu sana'ar wannan ranar suke ɗauka a matsayin ranar haihuwarta.

Yanayin wurin ya taimaka. Kusurwar kudu maso yammacin ƙasar tana samun ruwan sama a lokacin sanyi, lokacin zafi kuma busasshe ne, ga iska mai sanyi daga teku, ga duwatsu, irin yanayin da inabi ke so kenan kamar na kudancin Turai. Simon van der Stel da ya karɓi ragamar wurin a 1679 ya kafa garin Stellenbosch, a 1685 kuma ya samu makekiyar gona a bayan dutsen Table ya sa mata suna Constantia. A 1688 wasu Faransawa Kiristoci mabiya Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini a ƙasarsu suka iso, mutum kamar ɗari biyu, aka ba su filaye a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, ma'ana kusurwar Faransawa.

Filayen nan kuwa ba kango ba ne, wuraren kiwon mutanen Khoikhoi ne, da yaƙi da ƙwace da annobar agana ta 1713 aka raba su da su. Aikin gonar kuma bayi ne suka yi shi. Jiragen farko na bayi sun iso a 1658, ɗaya ɗauke da mutanen Angola ɗaya kuma daga gaɓar Afirka ta Yamma, daga baya aka riƙa kawowa daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya. Cikin waɗanda aka kawo daga gabas, bayi da fursunonin siyasa, akwai Musulmi da yawa kuma su ne tushen al'ummar Musulmin Cape ta yau. Sheikh Yusuf na Makassar an kawo shi gudun hijirar dole a 1694 aka ajiye shi a gonar Zandvliet, kuma har gobe akwai kabarin Sheikh Abdurahman Matebe Shah a cikin harabar gonar inabi ta Klein Constantia, mutane na zuwa ziyara. Wato tarihin Musulunci a ƙasar da tarihin gonakin inabi a fili ɗaya suka faro, duk da cewa babu abin da ya haɗa su sai tilas.

Me ya sa mai zaƙi ce ta fara yin suna

Amsar tana cikin nisan tafiya. Giyar da ba ta da suga kuma ba ta da ƙarfi, in aka zuba ta a gangar katako aka ɗora a jirgi ta ratsa zafin tsakiyar duniya tsawon watanni, kafin ta isa Amsterdam ko Landan ta yi tsami ta zama ruwan kal. Suga mai yawa ko barasa mai yawa su ne ke hana ta lalacewa, kamar yadda zuma ke daɗewa ba ta ɓaci ba. Wannan dalilin ne ya haifar da Port a Fotugal da Sherry a Sifaniya da giyar tsibirin Madeira, duk kayan da aka tsara dan su jure teku ne. Yawancin giyar Cape ta wancan zamani ba ta da daraja a Turai, ana yi mata kallon ta matuƙan jirgi, amma ta Constantia ta fita daban, musamman bayan Hendrik Cloete ya sayi gonar Groot Constantia, wani ɓangare na tsohuwar gonar van der Stel, a 1778. Fadojin sarakunan Turai suka riƙa oda, kuma Napoleon da aka tsare a tsibirin Saint Helena daga 1815 zuwa rasuwarsa a 1821 ana kai masa ita a kai a kai.

Da Ingila ta karɓe Cape a 1806, kuma tana yaƙi da Faransa, sai ta sassauta wa giyar Cape haraji, manoma suka faɗaɗa gonaki, kasuwa ta buɗe. Amma gatan na siyasa ne, da siyasar ta juya sai ya tafi. An soke bauta a 1834, bayin suka samu cikakken 'yanci a 1838. A farkon shekarun 1860 Ingila ta shirya da Faransa ta rage harajin giyar Faransa, ta Cape ta kasa gogayya. Ga cutar fumfuna ta kama kurangu, sannan a 1886 ƙwaron filoksera mai cin saiwar inabi, wanda ya riga ya gama da gonakin Turai, ya ɓulla a Cape. Maganin da aka samu shi ne a yi wa inabin aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, saiwar ta zama ta inabin Amurka mai jure ƙwaron, saman kuma na Turai. Kafin a kai nan giyar Constantia ta riga ta ɓace daga kasuwa, gwamnatin Cape ma ta sayi gonar Groot Constantia a 1885.

Kwantai da zamanin KWV

Bayan ƙwaron manoma suka sake dashe da gaggawa, kuma suka zaɓi jinsunan da ke zuba 'ya'ya da yawa ba masu inganci ba. Da kasuwar gashin jimina ta rushe wajen 1914 wasu masu kiwonta su ma suka koma inabi. Kaya suka yi yawa babu mai saye, har ta kai ana tuttular da giya a rafuka. Wannan ne ya sa a 1918 manoma suka kafa ƙungiyar gama kai da ake kira KWV a garin Paarl, Charles Kohler na kan gaba.

Wanda ya san hukumomin sayen gyaɗa da auduga da aka yi a Arewa zai gane tsarin da sauri, sai dai ita KWV ta manoman ce da kansu kuma gwamnati ta ba ta ƙarfin doka. Daga 1924 ita ke yanke mafi ƙarancin farashin giyar da za a mayar burandi, a 1940 ikon ya haɗa da sauran giya, a 1957 aka kawo tsarin kaso, kowace gona da adadin da aka yarda ta samar, kuma ba ka da ikon buɗe sabuwar gonar inabi a inda ba a ba da kaso ba. Rarar da ta yi kwantai KWV ke kwashewa ta mayar burandi ko ta zuba a giya mai ƙarin ƙarfi, dan su ba sa lalacewa, ana iya ajiye su shekaru a ganga. Nan ne sirrin yawan Muscadel da Jerepigo da masu kama da Port da Sherry a ƙasar. Yankuna masu zafi da ake noman rani kamar Worcester, Robertson, Montagu da Klein Karoo inabinsu na tara suga sosai, ga barasa mai arha daga rarar kaya, ga kasuwar Ingila da ke sayen Sherry na Afirka ta Kudu da rangwamen haraji na ƙasashen renonta.

Masu kare KWV suna cewa ta ceto dubban manoma daga karyewa, ta kawo tabbas a farashi, ta zuba kuɗi a bincike da rumbunan ajiya, kuma ingancin burandi da giya mai ƙarfi na ƙasar daga nan ya samo asali. Masu suka kuma suna cewa tunda ana biyan manomi ne bisa nauyin kaya da yawan suga, babu abin da zai sa ya damu da inganci, tsarin kason ya hana gwada sabbin wurare masu sanyi, kuma uwa uba ƙungiya ce ta fararen fata zalla mai kusanci da gwamnatin wariyar launin fata. Duka biyun akwai hujja a tarihi. A cikin wannan zamanin ne dai Abraham Perold na jami'ar Stellenbosch ya haɗa jinsunan inabi biyu ya samar da sabon jinsi mai suna Pinotage a 1925, kuma a 1973 aka kafa dokar da ke tabbatar da yankin da kowace giya ta fito. Amma ficewar ƙasar daga ƙungiyar Commonwealth a 1961 da takunkumin shekarun 1980 sun toshe kasuwannin waje.

Ladan aiki da kofin giya

Akwai ɓangaren da ba a rubutawa a jikin kwalba. Tun 1658 van Riebeeck ya rubuta cewa ana ba bayi ɗan kofin burandi da taba dan su mai da hankali a makarantar da aka buɗe musu. Daga irin wannan aka samu tsarin da ake kira dop, kalmar Afrikaans ce mai nufin ɗan kofin giya. Mai gona zai biya leburori wani ɓangare na ladansu da giya mai arha, sau da yawa a rana, safe da rana da yamma. Ribar mai gona biyu ce, ya rage kuɗin da zai fitar kuma ya rabu da kayan da suka yi kwantai, sannan leburan da ya kamu da shaye-shaye ba ya iya barin gonar, dan gidan da yake ciki ma na mai gonar ne.

An haramta tsarin a takarda tun farkon shekarun 1960 amma aka ci gaba da yi a wasu gonaki har shekarun 1990, dokar giya ta 2003 ta sake jaddada haramcin. Sai dai hana ba da giyar bai cire jarabar da aka gada kaka da kakanni ba. Binciken likitoci a garuruwan gonakin Western Cape da Northern Cape ya nuna yawan yaran da ake haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa da ta jiki saboda uwa ta sha giya da ciki yana cikin mafi yawa da aka taɓa aunawa a duniya, kuma naƙasa ce da ba ta warkewa, yaro zai taso da wahalar karatu da riƙe abu a ka har girmansa. Bayan dop sai giya mai arha a jakar leda da ake kira papsak ta maye gurbi, har gwamnati ta hana sayar da ita a haka a 2007, muhawarar da ta yi kama da wadda ake yi a Najeriya kan giyar leda.

A 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan gidaje marasa kyau, feshin magani ba kariya da korar ma'aikata daga gonaki. A ƙarshen 2012 leburori suka tayar da yajin aiki daga garin De Doorns, aka ƙona gonaki aka rasa rayuka, daga ƙarshe gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin lada daga rand 69 zuwa rand 105 a rana daga Maris 2013. Ƙungiyoyin ma'aikata sun ce ko hakan bai isa ciyar da iyali ba. Masu gonaki kuma suka ce da yawansu da ƙyar suke mayar da kuɗinsu, kuma martanin wasu shi ne rage ma'aikatan dindindin, ɗaukar 'yan kwangila na lokacin girbi da sayen injina.

Rigimar suna da Tarayyar Turai

Da mulkin wariya ya ƙare a 1994 ƙofofi suka buɗe. An soke tsarin kaso a 1992, KWV ta zama kamfani a 1997, fitar da kaya waje ya ninka sau da yawa cikin shekara goma. Amma da aka zauna tattaunawar ciniki da Tarayyar Turai, abin da ya kusa wargaza yarjejeniyar 1999 kalmomi biyu ne, Port da Sherry.

Matsayin Turai shi ne waɗannan sunayen wurare ne. Port daga birnin Porto, kuma inabinta daga kwarin Douro wanda aka shata iyakarsa da doka tun 1756, Sherry kuma daga garin Jerez na Sifaniya. Duk wanda ya sa sunan a kayan da ba can aka yi ba yana cin guminsu ne kuma yana ruɗin mai saye. Matsayin Afirka ta Kudu kuma shi ne sun fi shekara ɗari suna amfani da kalmomin, a wurinsu sun zama sunan salo ne kawai, kuma babu wanda zai ga an rubuta sunan ƙasarsu ɓaro-ɓaro a kwalba ya ɗauka daga Fotugal ta zo. Suka ƙara da cewa Turai na amfani da girman kasuwarta ne tana tilasta wa ƙaramar ƙasa.

Bahaushe ya san zafin wannan magana ta ɗaya gefen. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano ta ratsa Sahara ta isa Turai, amma sunan Maroko ta ɗauka saboda ta can ta bi, har yau da sunan ake saninta. Dokar kare sunan wuri an yi ta ne dan hana irin haka.

An kai ruwa rana, daga ƙarshe Afirka ta Kudu ta amince ta daina amfani da sunayen a hankali, da farko a kayan da take fitarwa, sannan a cikin gida daga 2012. A madadin haka ta samu damar shigar da wani adadi na giya Turai ba haraji, wanda wata sabuwar yarjejeniya a 2016 ta ɗaga zuwa lita miliyan 110 a shekara, kuma Turai ta amince ta kare sunayen Afirka ta Kudu irin su Stellenbosch da Paarl da shayin Rooibos. Shi ya sa yanzu za ka ga Cape Ruby, Cape Tawny, Cape Vintage, kalmar Port ta fita, kuma sananniyar Sedgwick's Old Brown ta ajiye kalmar Sherry. Ba wannan ne karo na farko ba ma, tun 1935 ƙasar ta yarda ta bar sunan Champagne a wata yarjejeniya da Faransa, shi ya sa tata mai kumfa ake kiranta Cap Classique.

Wanda abin ya fi shafa su ne ƙananan garuruwa irin Calitzdorp a Klein Karoo, inda gidaje kamar Boplaas da De Krans suka yi suna da wannan salo. Labarin da ake bayarwa a garin shi ne a shekarun 1970 an dasa inabin Fotugal mai suna Tinta Barocca bisa kuskure ana zaton wani jinsi ne mai suna Shiraz, sai aka ga ya dace da zafin wurin. Sauya sunan bai kashe su ba, abin da ya fi cin kasuwarsu shi ne sauyin ɗanɗanon masu saye, dan a duniya baki ɗaya an rage shan giya mai zaƙi da nauyi an koma mara zaƙi. A gefe guda kuma gonar Klein Constantia ta farfaɗo da tsohuwar giyar nan a 1986 da sunan Vin de Constance, tana sayar da ita da tsada a ƙasashen waje. Wato mai zaƙin ta rabu gida biyu, ta masu kuɗi 'yar kaɗan mai tsada, da mai arha da talaka ke saye lokacin sanyi.

Korona ta fito da muhawarar fili

Daga ƙarshen Maris 2020 zuwa Yulin 2021 gwamnatin Cyril Ramaphosa ta hana sayar da giya gaba ɗaya har sau huɗu, dan a rage cunkoso a asibitoci. Likitoci sun ga bambanci nan take, masu zuwa da raunin haɗarin mota da sara da suka sun ragu sosai, har asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto ya sanar cewa a safiyar sabuwar shekarar 2021 ɗakin masu munanan raunuka babu kowa, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihinsa. Masu fafutukar lafiya suka ce ga hujja nan, a ƙara haraji, a taƙaita talla da lokutan sayarwa.

Masu sana'ar kuma suka ce a lissafinsu mutum kusan 270,000 ne ke cin abinci ta wannan hanya in aka haɗa da gonaki, sufuri da yawon buɗe ido, hanin ya bar su da rarar miliyoyin lita ga sabon girbi na zuwa babu wurin zubawa, kuma kasuwar bayan fage ce ta ci riba. Sun kuma ce dokar hana fita da dare ita ma ta taimaka wajen raguwar raunukan, bai kamata a jingina komai ga hanin giya ba. Gaskiyar da ke tsakani ita ce ƙasar na samun kuɗin shiga da ayyukan yi daga sana'ar, kuma tana biyan farashi mai nauyi a asibiti da hanya da cikin gidaje, kuma ba mutanen da ke cin ribar ne suka fi biyan farashin ba.

Inda abin ya shafi talaka

Ga leburan gona, abin da ke gabansa shi ne gonakin na raguwa. Daga sama da hekta 100,000 a tsakiyar shekarun 2000 yanzu sun koma ƙasa da 90,000, manoma na tumɓuke inabi suna dasa lemo da sauran 'ya'yan itace da suka fi kawo kuɗi, ga farin 2015 zuwa 2018 da ya kusa ƙafar da famfunan Cape Town ya nuna ruwa ma ba tabbas. Kaso mai yawa na giyar ƙasar waje ake kaiwa, Ingila da Jamus na kan gaba, kuma fiye da rabin wadda ake fitarwa a manyan tankuna take tafiya a zuba a kwalba a can Turai, ma'ana aikin kwalba da lakabi da kwali, da ribar da ke ciki, duk a can suke zama. Duk wani sabon haraji daga Amurka ko wata ƙasa, kamfani zai matsa wa manomi a farashi, manomi kuma wurin da ya fi sauƙin ragewa shi ne ma'aikatan girbi, waɗanda yawancinsu mata ne. Tun Maris 2021 dai an daidaita mafi ƙarancin ladan leburan gona da na sauran ma'aikata.

Mallaka kuwa ba ta canza sosai ba, shekara talatin bayan wariya abin da baƙaƙen fata suka mallaka na gonakin inabi bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Akwai irin su Ntsiki Biyela, baƙar mace ta farko da ta zama mai haɗa giya a ƙasar a 2004 kuma daga baya ta kafa kamfaninta Aslina, amma da yawan irin waɗannan kamfanoni suna da suna ne ba su da fili, sayen inabi suke daga gonakin wasu.

Ga mai saye a ƙasashenmu kuma, inda kayan Afirka ta Kudu ke shigowa manyan kantuna kuma ake raba kwalaben ruwan inabi a bukukuwa, abin lura shi ne zaƙi ba ya nuna rashin maye, mai ƙarin ƙarfin nan ta fi kowacce zaƙi kuma ta ninka giyar sha'ir sau uku zuwa huɗu a ƙarfi. Kwalaben kala uku ne. Akwai ruwan inabi zalla da bai taɓa tsima ba, wani a sa masa gas ya yi kumfa. Akwai wadda ta tsima ta zama giya sannan aka cire mata mayen da inji, ita takan rage ɗan kaɗan har zuwa kashi 0.5, kuma matsayinta a shari'a tambaya ce da ake kai wa malamai. Sai giya cikakkiya. Siffar kwalbar da murfinta da hoton inabin da ke jiki duk iri ɗaya ne, bambancin yana wurin lambar da aka rubuta da alamar kashi cikin ɗari, galibi a ƙasan lakabin gaba ko a na baya da ƙananan haruffa.